Wanda Aka Kama da Wanda Ya Kawo Kansa

Ɗana, labari ya iso mini cewa an zaɓe ka cikin dattawan ikilisiya. Na gode wa Allah, na kuma sa ka a addu'a. Nan gaba kaɗan za a nuna maka yadda ake lissafin baiko, yadda ake raba Jibin Ubangiji, da yadda ake tsara hidimar aure da ta jana'iza. Amma akwai aikin da ba kasafai ake koya wa sabon dattijo ba, shi ne kuwa mafi nauyi: abin da za ka yi ranar da mutum ya zauna a gabanka da zunubinsa a baki. A kan wannan nake so in yi maka magana tun ina da sauran ƙarfi.

Na daɗe a majalisar dattawa, kuma abin da idona ya gani shi ne yawancin waɗanda ke gurfana a gabanmu ba su ne suka kawo kansu ba. Kama su aka yi. Yarinya ce ciki ya fito, zane ya kasa rufewa. Saurayi ne aka tsinta a buge ranar kasuwa. Sai a sa su a horo, a sanar a gaban jama'a, a hana su Jibi, a mai da su bencin baya na wata shida ko shekara. A cikin majami'ar nan kuma, a bencin gaba, ga wanda ya cinye gonar marayun ɗan'uwansa. Ga mai mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Ga wanda matarsa ke zuwa sujada da kumburarren ido tana cewa ƙofa ce ta buge ta. Ba a taɓa kiran ko ɗaya daga cikinsu ba. Da haka muka koya wa jama'a abin da ba mu yi niyya ba, cewa furta zunubi aikin wanda asirinsa ya tonu ne, wanda ya iya taku kuwa ya tsira. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin ya lalata ɗaya daga cikin manyan kyautai da Allah ya ba ikilisiyarsa.

Ka tuna da matar da aka jawo gaban Yesu a Bisharar Yohanna sura 8. An ce a cikin aikin aka kama ta. To, ina namijin? Shari'ar Musa da suka zo suna kafa hujja da ita ta haɗa su biyun ne a hukunci. Ita kaɗai suka kawo, domin ita ce marar gata. Duk ranar da aka kawo maka yarinya ita kaɗai, ka fara da tambayar inda namijin yake, ko da ɗan mawaƙa ne, ko ɗan gidan wanda ya saya wa majami'a kwanon rufi.

Amma bari in fara da kai da ni, tun kafin mu kai ga hukunta kowa. Kowace Lahadi mai jagorar sujada yakan roƙi Allah ya gafarta mana zunubanmu, na sane da na rashin sani, na tunani da na magana da na aiki. Addu'a ce mai kyau, ba na so a daina ta. Sai dai tana da faɗi har mutum zai iya ɓuya a cikinta shekara ashirin. Yana da sauƙi ka ce kai mai zunubi ne, tunda kowa haka yake, babu kunya a ciki. Abin da ke da wuya shi ne ka durƙusa kai kaɗai ka ce, ya Ubangiji, jiya na yi wa wane ƙarya a kan kuɗin taki, na yi ta ne da gangan, don in ci ribar da ba tawa ba. Sa'ad da ka kira abin da sunansa, da ranarsa, da sunan wanda ka cuta, sai ka ji zuciya ta motsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Allah ya riga ya san abin, ba labari kake ba shi ba. Kai ne kake daina jayayya da shi a kan abin da ku biyun kuka sani.

Sarakuna biyu na farko a Isra'ila duk sun buɗe baki sun amsa cewa sun yi zunubi, amma ƙarshensu bai zama ɗaya ba, kuma dattijo yana bukatar kunnen da zai bambance su. An umarci Saul ya hallaka Amalekawa, amma ya bar sarkinsu Agag da rai, ya keɓe dabbobi masu ƙiba. Da annabi Sama'ila ya zo, sai Saul ya fara da cewa ya cika umarni. Da kukan tumaki ya ƙaryata shi, sai ya ɗora wa sojoji, ya ƙara da cewa ai don hadaya aka kawo su. Sai da aka ƙure shi ya amsa laifi, kuma ko numfashi bai sauke ba ya roƙi Sama'ila ya girmama shi a gaban dattawan jama'a. Abin da ya dame shi ke nan, kada girmansa ya zube.

Laifin Dawuda kuwa, in a ma'aunin mutane ne, ya fi muni nesa ba kusa ba. Ya ɗauki Batsheba, matar sojansa Uriya, alhali mutumin yana bakin daga. Da ciki ya shiga, ya kira Uriya gida don a rufe maganar, abin bai yiwu ba. Sai ya rubuta wa Yowab, shugaban sojojinsa, takarda a sa Uriya inda yaƙi ya fi zafi a janye a bar shi, ya kuma ba Uriya takardar ya kai da hannunsa. Daga nan ya yi shiru wata da watanni, har aka haifi yaron. Yana shari'a a fada, yana zuwa sujada, kowa na kiransa bawan Allah. Zabura ta 32 ta nuna irin abin da shirun nan ke yi wa mutum a ciki, yadda jiki ke ramewa, ƙarfi ya ƙafe. Na ga haka da idona a kan mutane da yawa: ba barci, ba a son zama da jama'a, abu kaɗan sai faɗa da iyali, addu'a ta zama dole. Sai Allah ya aiki annabi Natan da labarin attajiri mai garke da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta matalauci. Dawuda ya fusata ya yanke hukunci, Natan ya nuna masa cewa kansa ya yanke wa. A nan ne bambancin yake. Dawuda sarki ne, yana iya sa a fitar da annabin a rufe masa baki. Bai ambaci Batsheba ba, bai ambaci Yowab ba, bai nemi a rufa masa asiri ba. Ya ɗauki laifin shi kaɗai, a cikin 'yan kalmomi. Nan take kuma Natan ya shaida masa cewa Ubangiji ya kawar da zunubin.

Ka lura, Dawuda ma ba shi ya kawo kansa ba, zuwa aka yi aka same shi. Don haka kada ka ce tuban wanda aka kama ba tuba ba ne. Sau da yawa tonon asiri jinƙan Allah ne ga wanda ya kasa buɗe baki. Abin da za ka saurara shi ne yadda mutum ke magana bayan an kama shi. In kana jin "ai shaiɗan ne", "ai ita ta jawo", "in dai na yi kuskure a yi haƙuri", to da sauran tafiya. In kuwa ya ce ni na yi, ba ni da hujja, to ka san Ruhu Mai Tsarki ya riga ka isa wurin.

Yanzu ga maganar gafarar kanta, inda mutanenmu da yawa ke shan wahala a banza. Mun taso da tunanin cewa kowane abu sai an biya, saboda haka mai laifi yakan ɗauka watannin da ya yi a bencin baya su ne kuɗin gafararsa, ko azumin da ya yi, ko buhun masarar da ya kawo ranar godiya. Ka cire wannan daga zukatansu da dukan ƙarfinka. Ba hawaye ke sayen gafara ba, ba horo ba, ba furcin kansa ba. An riga an biya a kan gicciye, Yesu Almasihu ya ɗauki hukuncin. Shi ya sa manzo Yohanna a farkon wasiƙarsa ta fari ya rataya gafarar mai furtawa a kan amincin Allah da adalcinsa, bai rataya ta a kan yawan nadamarmu ba. Allah ba zai karɓi biyan bashi ɗaya sau biyu ba. A misalin ɗan nan da ya ɓatar da gādonsa, a Luka sura 15, yaron ya shirya jawabinsa tun daga hanya: zai amsa laifi, sannan ya roƙi a ɗauke shi ɗan ƙodago. Laifin ya amsa, amma bai kai ga maganar ƙodago ba uban ya sa a kawo riga da zobe da takalmi. Uban bai yarda ɗansa ya biya da aikin hannu ba. Akwai tsofaffi a majami'unmu da suka furta wani zunubi tun suna samari, har yau kullum dare shi suke sake roƙo a kai, kamar ba a ji su ba. Irin waɗannan ba tsawa suke bukata ba. Suna bukatar wani ya dube su ya ce musu da baki, a cikin sunan Yesu an gafarta maka, maganar ta ƙare.

Sai dai kada ka yi wa kowa alkawarin da Allah bai yi ba. An gafarta wa Dawuda, amma yaron ya mutu, gidansa kuma bai rabu da takobi ba, har ɗansa Absalom ya kore shi daga Urushalima. Gafara tana kawar da hukuncin Allah a kan mutum, ba kullum take kawar da abin da zunubin ya haifar a duniya ba. Wanda ya ci kuɗin ikilisiya ya tuba, ɗan'uwa ne cikakke, ya ci Jibi tare da mu, amma ba dole ba ne a sake ba shi makullin asusu a shekarar.

Akwai kuma hakkin mutane. Maƙwabtanmu Musulmi suna yawan faɗin cewa hakkin wani ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe, kuma ina jin kunya in ga Kirista ya fi su sakaci a nan, yana fakewa da alheri. Littafinmu bai bar wannan ƙofa a buɗe ba. A Littafin Firistoci sura 6, wanda ya ci amana ko ya yi ƙwace ko ya tsinci abu ya musa, sai ya mayar da abin, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, sannan ya kawo hadayarsa. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, da Yesu ya shiga gidansa, da kansa ya tashi ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Yesu ya koyar cewa in kana gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Mayarwa ba ita ke sayen gafara ba, amma wanda ya ce ya tuba alhali akuyar tana ɗaure a gidansa, bai tuba ba.

Wani mutum ya taɓa zuwa wurina da dare, shekaru bayan wani rikici da aka yi a garinmu. A ranar da mutane suka gudu, ya shiga shagon wani tela Musulmi ya ɗauke keken ɗinki. Babu wanda ya gan shi. Matarsa ta yi ta ɗinki da keken, da shi aka biya kuɗin makarantar yara, ita kuma tana zaton saya ya yi. Ya ce mini duk ranar Jibi in aka miƙo masa ƙoƙo sai ya ji ƙarar keken a kunnensa. Mun yi addu'a, na tabbatar masa da gafarar Allah a daren nan, ban ce sai ya mayar tukuna ba. Sannan na tambaye shi ko telan yana da rai. Yana nan, ya koma wata unguwa. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne gaya wa matarsa, kuma da ita muka fara. Bayan kwanaki muka ɗauki keken a amalanke, da ɗan kuɗin da ya iya tarawa a kai, muka je. Telan ya daɗe yana kallonmu bai ce komai ba. Daga baya ya karɓi keken, ya ƙi karɓar kuɗin, ya ce ya yafe duniya da lahira. Ba kullum ake samun irin wannan amsa ba, wani zagi zai yi, wani ya kai ƙara, kuma dole ka gaya wa mai tuba haka tun kafin ku tashi. Mutumin nan ba a taɓa sa shi a horo ba, ba a sanar da komai a majami'a ba, ban kuma ga dalilin yin haka ba. Shi ya kawo kansa, ya gyara da wanda ya cuta.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da za a yi ta yi maka: wa za a gaya wa? Abin da na riƙe shi ne furci ya kai iyakar inda zunubin ya kai. Abin da ya tsaya a zuciya, tsakaninka da Allah ne. In ka yi sha'awar matar wani a ranka, kada ka je ka gaya mata, ka ɗora mata kayan da ba nata ba. Abin da ya taɓa mutum, a je wurin mutumin. Abin da aka yi a bainar jama'a har sunan Almasihu ya ɓaci, shi ne ake kawowa gaban ikilisiya. Matiyu sura 18 ma daga mutum biyu ta fara, sannan a ƙara ɗaya ko biyu, ikilisiya ce ta ƙarshe. Mu kuwa sau da yawa daga ƙarshen muke farawa. A farkawar da aka yi a Gabashin Afirka, wadda ta yi ƙarfi a Gahini ta ƙasar Ruwanda a shekarun 1930 ta bazu zuwa Uganda da Kenya, mutane sun riƙa tashi a taro suna furta zunubansu, suna mayar da kayan sata, rayuka da yawa sun sāke. Amma a can ma an ga illar faɗin komai a gaban kowa, musamman inda mai furci ya ambaci sunan wani da ba ya wurin. Kada ka bar zafin taron farkawa ya sa yarinya ta faɗi a lasifika abin da zai bi ta har gidan miji.

Duk da haka akwai zunubin da mutum ya kai wa Allah sau da yawa amma ya kasa fita daga cikinsa, kamar giya, caca, kallon batsa a waya. Irin wannan yana son duhu, kuma yakan rasa ƙarfi ranar da wani ɗan'uwa ya ji shi. Yakubu a wasiƙarsa ya umarce mu mu riƙa furta wa juna muna yi wa juna addu'a. 'Yan'uwanmu Katolika sun riƙe wannan da tsari: tun babban taron Lateran na 1215 aka wajabta wa kowane mai bi ya je wurin fada aƙalla sau ɗaya a shekara, aka kuma haramta wa fada ya fitar da abin da ya ji. Mu ba mu bi wannan tsari ba, muna cewa kowane mai bi yana da hanya kai tsaye zuwa ga Allah ta wurin Almasihu, kuma gaskiya ne. Amma ko Martin Luther bai yar da furci a gaban ɗan'uwa ba, ya ɗauke shi babbar ta'aziyya. Abin da ya kamata mu koya daga Katolika shi ne riƙon asiri. Dalilin da ya sa mutanenmu ba sa kawo kansu shi ne sun san abin da aka gaya wa dattijo da dare, da safe matarsa ta sani, kafin Lahadi ya zaga Zumuntar Mata a matsayin abin addu'a. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da aka gaya maka, ko uwar 'ya'yanka kada ta ji. In ka fasa sau ɗaya, babu mai sake zuwa, kuma ba kai kaɗai za a guje wa ba, har sauran dattawan.

Wuri ɗaya ne ban yarda a yi shiru ba: inda ake cutar yaro ko yarinya, ko ran wani yake cikin haɗari. Wanda ya lalata ƙaramar yarinya ya zo ya furta, ka nuna masa gafarar Allah, ka kuma gaya masa a fili cewa iyayenta za su sani, hukuma za ta sani, kuma ba zai ƙara kusantar yara a majami'a ba. In tubansa na gaske ne, zai yarda ku tafi tare. Rufe irin wannan don kare sunan ikilisiya zunubi ne a kan zunubi.

Ka kula da fuskarka da bakinka a lokacin da mutum ke magana. Yahuza ma ya yi nadama. Ya mayar da azurfa talatin ɗin, ya amsa da bakinsa cewa ya ba da marar laifi. Wurin shugabannin addini ya je, su kuwa suka nuna masa ba ruwansu, ya ji da kansa. Ya fita ya rataye kansa. Ba na cewa su ne suka kashe shi, amma duk lokacin da na karanta wurin nan jikina yakan yi sanyi, domin a kujerarsu muke zaune. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, da rantsuwa. Yesu ya same shi a bakin tekun Tibariya, ya ba shi abinci tukuna, ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya mai da masa aikin kiwon tumaki. Kada ka zaro ido, kada ka yi salati irin na mamaki, kada ka tono bayanin da ba ka bukata. Ka bar shi ya gama. Kafin ya tashi, ka tabbata ya ji bishara, ba wa'azin laifinsa kaɗai ba.

Horo kuwa ban ce a soke shi ba. Bulus da kansa ya umarci ikilisiyar Koranti ta fitar da mutumin da ke zaune da matar ubansa. Amma horo na mai taurin kai ne, wanda aka yi wa magana ya ƙi ji, kuma manufarsa a dawo da shi. A wasiƙarsa ta biyu Bulus ya ce wa Korantiyawa hukuncin da aka yi wa wani mai laifi ya isa haka, su yafe masa su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Mu mun iya sanar da shiga horo, fitar ce ba mu iya ba. Na san mata da aka sa a bencin baya suna 'yan shekara goma sha bakwai, wata shidan ya wuce ba wanda ya tuna, ba dattijon da ya taka gidansu, har suka daina zuwa. Wasu sun koma wata ikilisiya, wasu sun bar bangaskiya ɗungum.

Saboda haka in majalisa ta yanke horo, ka nace a rubuta ranar da za a sake zama a kai, a kuma ba wani aikin ziyartar mutumin kowane mako. In mace ce, a haɗa ta da dattijuwa mai riƙon asiri, a tabbata tana zuwa awo, tana da abin ci. Ranar dawowa a sanar da ita da murya ɗaya da wadda aka sanar da horon, a gaban jama'ar nan dai, fasto ya miƙa mata hannu, ta ci Jibi a ranar. Jaririn a karɓe shi a yi masa addu'a kamar kowane ɗa. Daga ranar kuma, duk wanda ya sake tayar da maganar, ko a taron mata ko wurin neman aure, shi majalisa za ta kira.